Gidan lebura ma gado ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani irin gida da ba ya shiga jarida sai ranar da ya rufta wa mutane da tsakar dare. Tsohon gidan talaka nake nufi: jerin ɗakunan ma'aikatan jirgin ƙasa, barikokin 'yan kuza da ke warwatse daga Bukuru zuwa Barikin Ladi, da 'yan gidajen tubali masu zaure da suka rage mana a Gangare da Dilimi da lungunan bayan Masallacin Juma'a. Ni birkila ne. A garin nan na fara da ɗaukar kwaɓi a ka, na zo na riƙe cokali, har na kai ga riƙe ma'aikata, kafin gwiwa ta ce in zauna. Wata ba ya ƙarewa ban ji an sayar da ɗaya daga cikin gidajen nan ba. Kafin sati ya zagayo katafila ta shiga, bayan wata shida sai ka ga bene mai jerin shaguna da shuɗin gilashi. Ba mai cewa uffan, domin a wurinmu in an ce kayan tarihi to fadar sarki ce, ko ganuwa, ko abin da aka kulle cikin akwatin gilashi. Ɗakin da lebura ya kwana a ciki ba ya cikin lissafi.

Abin da ya sa na ɗauki biro wani gida ne da na zauna a cikinsa a Ingila. 'Yata ta biyu ma'aikaciyar jinya ce a can, ita da mijinta suna wani ƙaramin gari da ake kira Nelson a yankin Lankasha, arewa da Manchesta. Da ta haihu suka yi mana takardu, ni da uwarta muka je ganin jika. Garin masaƙa ne, mutanensa ba su wuce dubu 30 da 'yan kai ba. Kafin jirgin ƙasa ya iso a 1849 ƙauyuka ne da ake kira Marsden. Sai masaƙun auduga suka kafu, jama'a suka yi ta kwarara, cikin shekara hamsin saura ta zama gari. Wanda ya san yadda kuza ta haifi Jos ba sai an ja masa labarin ba. Su ma sana'ar tasu ta mutu, kamar yadda tamu ta ƙarasa durƙushewa da faɗuwar farashin kuza a 1985. Amma gidajen da aka gina wa masu saƙar suna nan tsaye, layi bayan layi suna hawa tudu, kuma da mutane a ciki. Da yawansu 'yan'uwa Musulmi ne 'yan asalin Pakistan, waɗanda iyayensu suka zo aikin masaƙa a shekarun 1960.

Irin gidan ne da ake ginawa a jere zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Gida ashirin ko talatin manne da juna, bango ɗaya tsakanin mutum da maƙwabcinsa, rufi ɗaya ya bi ta kansu duka. Fuskar na 'yata taku biyar ce da ɗan ɗori. Kana tura ƙofa daga titi sai falo, ba zaure ba tsakar gida. Bayan falon ɗakin girki da cin abinci, tsakaninsu wata matattakala a miƙe tsaye wadda uwar yaran ta rantse ba za ta hau ta sau biyu a yini ba. Sama ɗaki biyu, an gutsuri ɗaya an fitar da bayi. A ƙarƙashin ƙasa akwai ɗan ɗaki mai sanyi inda ake zuba kwal a da. Ta baya ɗan fili ne shimfiɗe da dutse, a ƙarshensa tsohon masai da ya koma ma'ajiyar keke, sai ƙofa zuwa wani siririn lungu da ya ratsa bayan layin gaba ɗaya, hanyar masu kwasar bayan gida da masu kawo kwal a wancan zamani.

Ni dai bango na fi kallo. Dutsen yankin ne, an sassaƙe shi an jera sahu-sahu, kaurinsa ya kusa inci 18. Lintar saman ƙofa dutse guda ne. Haka dakalin taga, an ɗan karkata shi waje, an kuma yi masa tsagi ta ƙasa don ruwa ya ɗiga can kada ya bi jikin bango. Tsagin bai kai faɗin ɗan yatsa ba, ba mai ganinsa sai wanda ya duƙa, amma wani ya zauna ya sara shi a kowace taga ta gidan lebura. Rufin fallen dutse ne mai launin toka, irin wanda ake fasowa daga tsaunukan Wels, kowane falle da ƙusarsa biyu, in ɗaya ya fashe shi kaɗai ake zarewa. Can ƙasa kusa da daɓe akwai 'yan ramuka masu raga da ke kai iska ƙarƙashin katakon falo don kada ya ruɓe. A wani gida na ƙarshen layin tagar asali tana nan, ƙyaure biyu masu zamewa sama da ƙasa, da igiya da nauyin ƙarfe ɓoye cikin firam, yatsa ɗaya ke ɗaga ta. Shekarar ginin tana sassaƙe a wani dutse can sama a tsakiyar layin, cikin shekarun 1880.

Kada mai karatu ya ɗauka tausayi ne ya sa masu kuɗin lokacin suka yi gini haka. Doka ce ta matsa musu. Abin da ake gina wa ma'aikata kafin nan ya fi wannan muni nesa ba kusa ba: gidaje baya da baya, bango uku duk na maƙwabta, taga ta gaba kaɗai, masai ɗaya ga gidaje barkatai. Kwalara ta yi ta zagayowa tana kwasar mutane, ba ta kuma tsaya unguwar talaka kaɗai ba. A 1875 majalisarsu ta yi Dokar Lafiyar Jama'a wadda ta ba ƙananan hukumomi ikon kafa ƙa'idojin gini. A 1877 gwamnati ta fitar da samfurin ƙa'idojin: faɗin titi kada ya gaza ƙafa 36, bayan kowane gida a bar fili aƙalla murabba'in ƙafa 150, taga kuma ta kai kashi ɗaya cikin goma na girman daɓen ɗaki. 'Yan kwangila, da yake halinsu ɗaya ne a ko'ina, sai suka riƙa gina daidai abin da doka ta yanka, ba ƙarin inci guda. Shi ya sa layukan suka yi kama da juna tun daga Lankasha har Landan. Ina so 'yan majalisarmu na jiha su ji wannan da kyau: ƙarshen ƙanƙantar abin da doka ta yarda da shi a 1877 ya fi abin da ake gina wa 'yan haya a gefen garin nan yau, inda ɗaki goma ke fuskantar juna, taga na buɗewa cikin bangon maƙwabci, ruwan wanka na bi ta ƙofar kowa.

Gidan ba aljanna ba ne. Yana da sanyi, kuɗin ɗumama shi da hunturu na cin albashi, surukina ya nuna mini takardar. Ɗaki biyun da yau ya ishi mutum uku, a da iyali guda mai tarin 'ya'ya ke kwana a ciki, yaran kuma rabin yini makaranta rabin yini masaƙa, al'adar da ba a hana ba sai bayan yaƙin duniya na farko. Kana jin tarin maƙwabci ta bango. Matar kulle ba za ta so shi ba, ba inda za ta shanya kaya ba a hango ta daga tagar sama ba. Kuma ban manta da cewa arzikin da ya gina garuruwan nan da gumin wasu aka tara shi ba: audugar bayin Amurka da farko, daga baya har da tamu, wadda kamfanin auduga na BCGA da aka kafa a Manchesta a 1902 ya riƙa saye yana gurzawa a Zariya da Funtuwa. Ban je can don in yi wa Bature kirari ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai aiki ne da na tarar ana yi gida uku gaba da nasu. Wani magini Bature yana kan sikafol da guduma da cizal, yana ƙwaƙule siminti daga tsakanin duwatsu. Na tsaya kallo har ya sauko. Da ɗan Turancin wurin aiki muka fahimci juna, ko da yake tun da ya ga yadda na murza kwaɓinsa tsakanin yatsu ya san ɗan sana'a ne. Ba ɗigon siminti a kwaɓin. Farar ƙasa ce, wadda ake samu in an ƙona dutsenta an jiƙa shi ya narke, sai a haɗa da yashi mai kaushi, ɗaya ga uku. Da ita aka gina layin tun asali. Wani mai gidan na baya ya ga bakin duwatsun ya ɗan zaizaye, ya sa aka cike da siminti don ya fi ƙarfi. Ya kuwa fi ƙarfin, ƙarfin ne ya jawo ɓarnar. Bango irin wannan yana shan ruwan sama, in iska ta kaɗa ya fitar da shi ta tsakanin duwatsun, domin farar ƙasa na barin laima ta wuce. Siminti ba ya bari. Ba ya kuma ba da kai in gini ya ɗan motsa, sai dai ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa mafita, ya koma cikin dutsen. Hunturu ya zo, ruwan ya daskare ya kumbura, fuskar dutsen ta ɓare ta zubo. Ya kama hannuna ya ɗora a wurin: simintin na nan daram ya turo waje, dutsen da aka ce zai kare ya lotsa ciki da kusan inci guda. Ta cikin ɗakin kuma fenti ya yi baƙi da laima. Ya ce ƙa'idarsu ita ce kwaɓi ya fi dutse laushi, don in wani abu zai lalace to kwaɓin ya lalace, shi ne mai arha. Wani abin kuma, wanda ya yi wa simintin nan rajista a 1824, Joseph Aspdin, birkila ne mutumin Lids, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci a mota daga inda muke tsaye.

Malam Edita, ciwon nan shi ke kashe gidajen tubali a Jos, sai dai mu ba ƙanƙara ke ƙarasa su ba, ruwan Agusta ne. Garin nan na samun ruwa kusan milimita 1,400 a shekara, wata shida zuwa bakwai ana tafkawa, da iska mai maka shi a jikin bango. Magabata sun san da haka. Sukan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa su bar ta ta kwana ta ruɓa, a murza tubali, a yi yaɓe da makuba ta ɓawon ɗorawa, wadda ke korar ruwa amma ba ta toshe bango. Inda aka yi soro a bi kansa da laso, a sa indararo dogo da zai jefa ruwa nesa da gindin gini. Kowace kaka in ruwa ya ɗauke a bi bango a cike inda ya ci, aikin kwana biyu ne da yaran gida. Yau mai gida kunya yake ji a ga jar ƙasa a bangonsa. Sai ya sa a buga ƙusoshi da waya, a lafta filastar siminti, a shafa fenti. Shekara biyu uku gida ya yi kyau. Daidai yake da ka sa wa mutum rigar leda a zafin Afrilu, waje fes, ciki yana jiƙewa. Laimar da ke tasowa daga ƙasa ba ta da mafita, tubali ya yi laushi a ɓoye, gara ta samu hanya ba mai ganinta. Ƙwanƙwasa irin wannan filasta ka ji, fanko take amsawa. Ranar da za ta saki da rabin bangon take tahowa, sai a buga a jarida cewa ginin ƙasa ya rushe, kowa ya ce da ma ginin ƙasa ba shi da ƙarko. Haka ake yi wa gidajen dutse na zamanin kuza, waɗanda da yawansu da kwaɓin ƙasa aka jera duwatsun. A toshe bakinsu da siminti, a zuba kankare a tsakar gida har ya fi daɓen ɗaki tudu, a kwance faffaɗan bakin kwanon da ke kare bango a sa na yayi mai gajeren baki.

Su ma Turawan ba da wayonsu aka haife su ba. Bayan yaƙin duniya na biyu sun rushe irin waɗannan layuka ba adadi da sunan kawar da unguwannin ƙazanta, suka kwashe mutane zuwa dogayen benaye na kankare. A 1968 kusurwar ɗaya daga cikin benayen, Ronan Point a gabashin Landan, ta zube daga sama har ƙasa saboda fashewar gas a gida ɗaya, mutum huɗu suka mutu, ginin bai cika wata uku da buɗewa ba. Daga nan aka fara tambayar ko abin da ake rushewa bai fi abin da ake ginawa ba. Ko a Nelson ɗin, farkon shekarun 2000 ƙaramar hukumarsu ta tashi karɓe gidaje sama da ɗari a unguwar Whitefield ta rushe, wai sun tsufa ba mai son su. Wani dattijo ɗan asalin Pakistan da muke dawowa tare daga La'asar ya ba ni labarin. Ya ce su ba maganar tarihi ce ta tayar da su ba. Masallacinsu na nan, iyayensu tsofaffi na ƙofa ta gaba, diyyar kuma ba za ta saya musu gida a wani wuri ba. Sai hukumar kula da gine-ginen tarihi ta ƙasar a lokacin, English Heritage, da wasu ƙungiyoyi suka shigo, suka ce unguwar kanta shaida ce ta yadda garin masaƙa yake. Talaka mai kare muhallinsa da masani mai kare tarihi suka haɗa baki, aka yi zaman sauraron bahasi har karo biyu, a 2003 gwamnatin tsakiya ta ƙi amincewa da rusau ɗin. Na zaga unguwar. Ba duka ta gyaru ba, amma an gyara da yawa, wasu an fasa bangon tsakiya an haɗe gida biyu don iyali mai yawa, fuskar layin kuma tana yadda take.

Dabarar da nake so mu ara ita ce ta kare unguwa sukutum. Gidan 'yata shi kaɗai ba wani abin a zo a gani ba ne, irinsa miliyoyi ne a ƙasar, darajarsa a cikin layin take. Tun 1947 suna da rajistar gine-gine masu daraja ɗaya bayan ɗaya, amma a 1967 suka ƙara dokar da ta ba ƙaramar hukuma ikon ja wa unguwa guda layi ta ce nan yankin kiyayewa ne. Garin Stamford aka fara yi wa, yanzu akwai kusan 10,000 a Ingila. Gidanka naka ne, ka sayar, ka ba da haya, ka juya cikinsa yadda kake so, amma ba ka rushe shi sai da izini, a wasu wuraren ma ko tagar gaba ba ka sauya wa fasali sai ka nema. Mu kuwa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da dokar 1979 ta kafa, abu ɗaya-ɗaya take ayyanawa, kuma daga Abuja. Ko wanda aka ayyana ɗin bai tsira ba. Wani tsohon bene a Legas da ake kira Ilojo Bar yana cikin jerin tun 1956, a 2016 aka wayi gari an baje shi. To ina ga layin ma'aikatan jirgi a Jos da ba ya cikin littafin kowa? Garin nan fa shi ke da gidan tarihin da Bernard Fagg ya buɗe a 1952, kuma a kusa da shi aka gina kwaikwayon ganuwar Kano da na masallacin Juma'ar Zariya na Babban Gwani, aikin da masanin gini ɗan ƙasar Polan, Dmochowski, ya tsara. Muna kai 'yan makaranta su kalli kwaikwayo, na gaske kuma yana zubewa a kan hanyarsu ta komawa gida.

Na san abin da wasu za su ce, an sha faɗa mini a majalisa: gidajen Turawan kuza na Rayfield da tsohuwar GRA ai tambarin mulkin mallaka ne, wuraren da kakanninmu ba sa shiga sai in kuku ne ko boyi, me za a adana? Ni kuma in ce a tambaya wa ya fasa dutsen. Bature ya zana a takarda, amma hannun da ya sassaƙa da kan da ya ɗauko daga gindin tsauni na mutanen ƙasar nan ne. Birom da Afizere da Anaguta da suka ga gonakinsu sun koma kududdufai, Hausawa da Barebari da sauran waɗanda suka zo cin rani suka zauna, da waɗanda aka kwaso ƙarfi da yaji lokacin diban gwamna a shekarun yaƙin Hitila, sanyin Filato ya kashe da dama daga cikinsu. Ba su bar littafi ba, bangon nan suka bari. Garin da rikicin 2001 da 2008 da 2010 ya cinye wa unguwanni, ga kasuwar Taminus da ta ƙone a 2002, bai kamata ya ƙarasa da hannunsa abin da wuta ta rage ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba jahilci ke rushe yawancin gidajen nan ba, rabon gado ne. Mai gida ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha wani abu, gida ba ya rabuwa, wasu na Kano wasu na Abuja, wanda ke ciki ba shi da kuɗin fansar kason sauran. Dillali kuwa tun ranar sadakar uku yake shawagi. Ba na ganin laifin magada, haƙƙinsu ne da Allah ya yanka musu. Wani ɗan aminina da ya zo shawara kan gidan mahaifinsu ya ce mini, “Kawu, duk na ji abin da ka ce, amma tarihi ba ya biyan kuɗin makarantar marayu.” Ba ni da amsar da ta fi tasa. Lissafi kawai na iya yi masa. Mai sayen fili yake saye, ginin kyauta za su ba shi ya zubar. Zaure da ɗaki biyu na bakin titi za su zama shaguna ba a taɓa sauran ba, a gyara rufi, a fitar da magudana, haya ta riƙa shigowa ana rabawa bisa kason kowa. Wasu magadan sun yarda wasu sun ƙi, maganar har yanzu tana gaban malamin da ke raba musu. A nan ne malamanmu da masu hali za su shigo. Musulunci ya san waƙafi tun kafin Bature ya san yankin kiyayewa. Attajirin da ke iya gina filaza zai iya sayen tsohon gida a hannun magada a kan farashin kasuwa, ya tsayar da shi waƙafi, ya zama makarantar allo ko ɗakin karatu ko masaukin ɗalibai.

Abin da nake roƙon hukuma bai kai kuɗin kwalbati guda ba. A fara ƙirgawa tukuna. Sashen zanen gine-gine na Jami'ar Jos na da ɗalibai masu neman aikin kammala karatu kowace shekara, a raba musu unguwanni su auna, su ɗauki hoto, su zauna da tsofaffi su rubuta wa ya gina, yaushe, da me. Hukumar raya birnin Jos, JMDB, da ke sa hannu a takardun gini ta riƙe jerin, ta zaɓi layi uku ko huɗu don gwaji, ta ce a nan sai an zo an duba kafin katafila ta shiga. A kuma sassauta wa masu gidajen kuɗin ƙasa tunda an ɗaure musu hannu. In ba sassauci, mai gida zai bar ruwa ya kayar masa da ginin da gangan, ya huta.

Abin da ya fi damuna ma hannu ne. Hedikwatar ITF, hukumar horar da sana'o'i ta ƙasa baki ɗaya, a garin nan take, hukumar gidajen tarihi ma tana da cibiyar fasahar ginin ƙasa a nan Jos. Amma yaron da ya gama koyon birkila yau bulo da siminti kaɗai ya sani. Ka ce ya haɗa makuba, ko ya jera azara, ko ya gane bangon da ke neman iska, sai ya tsaya yana kallonka. Waɗanda na sani da suka iya, mafi ƙuruciyarsu ya ba sittin baya. Maginin can na Nelson ya ce su ma aikin farar ƙasa ya kusa ɓace musu, ƙungiyoyi irin wadda William Morris ya kafa a 1877 don kare tsofaffin gine-gine ne suka dage da shirya bita har ya dawo, yanzu kuma sai an bi layi kafin a samu mai iya shi.

Masu irin gidajen nan da ba za su jira gwamnati ba, kafin damina ta faɗi a duba indararo da bakin kwano, a kwashe ƙasa da sharar da ta taru a gindin bango, a karkata tsakar gida ruwa ya bi waje. Inda filastar siminti ta riga ta yi fanko a sauke ta kaɗan-kaɗan da rani, a bar bangon ya sha iska kafin a mayar da yaɓen ƙasa, amma sai magini ya fara duba ko bangon na ɗauke da azara.

Ku kuma, Malam Edita, in kuna da wakili a Jos mai kyamara ku turo mini shi. Zan zaga da shi Gangare da layin tasha da Bukuru a Keke Napep, tunda ƙafa ta ƙi, in nuna masa waɗanda suka rage. Kuɗin keken dai jaridarku za ta biya.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon birkila,
Gangare, Jos.